Rawanin Ganyen Bedi

Ranar da aka yi rabon kyauta a lakol, makarantar bokon Gazawa, cikin daminar da Nasara suka naɗe tutarsu, Nana ta fita daga rayuwar Iro.

Taro bai gama watsewa ba ta cim masa a bayan aji, inda ya laɓe. Rawanin ganyen bedi, wato dogon yaro, yana kansa har lokacin, ya manta da shi.

"Ya yi maka kyau," in ji ta.

"Nana, tsaya ki ji..."

"Wallahi ya yi maka kyau! Hannun Alhaji akwai albarka. Dubi yadda ya zauna daram, kamar don kanka aka shuka iccen."

"Nanata..."

"Kada ka ƙara! Kada sunan nan ya ƙara fitowa daga bakinka!"

Idanunta jajir, amma babu hawaye ko ɗigo. Da ta yi kuka, da ya samu ƙofar shiga.

"Tun asuba tsohon nan, ubana, ya baro ruga da ƙafa. Ya bar shanu a hannun mutane. Ya zauna cikin rana, masu manyan riguna suna janye gefen rigarsu kada ya taɓa... Ka zo gabansa, Iro. Na gan ka da idona. Har inuwarka ta hau ƙafarsa. Ka wuce!"

Ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya rufe.

"Ka gani?" Ta yi wata 'yar dariya mai kaifi. "Na farko a duk ƙasar nan, ya rasa abin cewa."

Ta juya. Littattafan da aka ba ta suna hammatarta, ɗaure da jan zare. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya ɗaure masa baki.

A zamanin nan ba a kai yaro lakol, kama shi ake yi. In kumandan, Baturen mulki, ya aiko yana son yara, ba a duba gidan sarauta, ba a duba gidan mai arziki. Gidan da babu mai magana ake dubawa. Haka aka ɗauko Iro daga Gangara, maraya a hannun kawunsa Sanda. Haka aka ɗauko Nana daga rugar wani Bafillace, Dikko, ana cewa ba za ta kai kaka ba za ta gudu. Ba ta gudu ba. Waɗannan 'ya'yan da aka jefar su ne suka wuce kwaleji a Maraɗi, suka dawo da brebe, takardar kammala kwaleji, a hannu sun doshi shekara ashirin. Sai ga 'yancin kai ya taho, ana neman masu zaman buro, wato ofis, ruwa a jallo. Nan ne masu arziki suka tuna ashe su ma suna son ilimi, in dai a jikin suruki yake.

Duk shekarun nan a bayan kamyo ɗaya, babbar motar gyaɗa, suke tafiya, a bayansa suke dawowa hutu. Tana ce masa Kaɗo, yadda Fulani ke kiran wanda ba nasu ba. Yana ce mata 'Yar Fillo. Ba wanda ya san ranar da tsokanar ta zama wani abu dabam, har su kansu.

Diraktan lakol ya ce bana za a karrama tsofaffin ɗalibansa tare da ƙanana, kuma bisa al'adar Faransa za a yi. Na farko ana ba shi littattafai da rawanin ganye. Can ƙasarsu akwai iccen da ake yi da shi. A Gazawa babu, sai aka kitsa da bedi, wanda ko akuya sai yunwa ta kai mata karo take ci. Kuma ba a ɗora wa yaro. A hannu ake ba shi, ya ratsa taro, ya durƙusa gaban wanda ya fi girmamawa, shi ya ɗora masa. A Faransa yaro uwarsa yake kai wa, a yi tafi, a manta. A Gazawa ba a manta komai. Saurayin da ya durƙusa gaban uban budurwa a bainar jama'a ya gama magana.

Nana ta san haka. Ranar kasuwa ta tare shi wajen masu nono.

"Kaɗona."

"Na'am, 'Yar Fillo."

"An ce kawunka yana cewa wai ba mu da ƙofar da za a yi wa sallama."

"Kawu ke nan. Ƙyale shi."

"Ba zan ƙyale shi ba. Ka kai wa Baba rawanin."

"A gaban kowa?"

"A gaban kowa. Ko kunyarmu kake ji?"

"Ni? In na ji kunyarki, kada Allah ya nuna mini kaka!"

"To faɗi da kyau."

"Na yi miki alkawari, hasken idona."

"Hasken ido kuma? A wane littafi ka sato wannan?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya bi ta da kallo, yana jin ko kumandan bai kai shi ba.

Lakol ta koya wa Nana kogunan Faransa da sunayensu, ta mantar da ita halin ubanta. Ta faɗa wa innarta cikin murna, inna kuwa ta faɗa wa maigida.

Jajibirin biki da la'asar, Iro na dawowa daga Gangara, ya tarar da Dikko tsaye a bakin hanya, sanda bisa kafaɗa, malafa ta rufe rabin fuskarsa. Iro ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Tsohon bai dube shi ba. Wata saniya yake kallo, kamar da ita yake magana.

"An ce gobe za ka kawo mini wani ganye."

"Haka ne, Baba."

"Kada ka kawo."

"Don mi, Baba?"

"Waccan yarinya ita ce ɗiyata ta fari. Tun da aka haife ta ban kira sunanta ba, ban ɗauke ta a gaban mutum ba. Ba ƙi ba ne. Kai Kaɗo ne, ba za ka gane ba. Gobe dangina suna wurin. In ka durƙusa gabana, ana kiɗa, ana kallo, in ɗora maka abu a kai saboda ita, na zubar da fulako, kunyarmu ta Fulani, ke nan. Sai dai in tashi in bar wurin, ka ji kunya, ta ji kunya."

"Na riga na yi mata alkawari, Baba."

"Yarinya ce. Ta sha lakol." Ya kori ƙuda daga bayan saniyar. "In an yi girbi ka turo manyanka. Na ba ka."

Iro ya ɗaga kai, ya yi maza ya sunkuyar.

"Na ba ka ita. Amma maganar nan a nan za ta kwana. In ta ji ubanta ya fito hanya ya tare saurayinta, ba zan ƙara karɓar ƙwaryar nono daga hannunta ba. Rantse."

"Har yaushe, Baba?"

"Har ƙasa ta rufe mini ido."

Ya rantse. Wanda aka miƙa wa duniya da hannun dama ba ya duba abin da ake zarewa da na hagu.

Dabararsa mai sauƙi ce. Zai kai wa kawunsa, jininsa, ba mai cewa komai. Nana za ta yi fushi har girbi, in ta ga goro ta huce. Da safe ya faɗa wa Kawu Sanda don kada abin ya zo masa bagatatan. Kawu ya yi murmushi har kunne, ya ce Allah ya yi albarka. Iro bai tambayi kansa dalilin da ya sa mutumin nan ya yini kwana da kwanaki a zauren Alhaji Ɗanbaba, babban mai sayen gyaɗa na Gazawa, ba. Ya san littafi. Bai san kawunsa ba.

Alhaji yana da ɗiya, Maimuna, wadda ta leƙa lakol ta fice, amma ba ta taɓa ɗauke ido daga kan Iro ba. A ƙofar fili ta gitta gabansa, ƙamshin turare na bin ta, ta kira shi Mushe, wato Malam da Faransanci.

"Mushe Iro! Ni na kitsa rawaninka fa. Da ido na auna kanka."

"An gode."

"Ajiye godiyarka tukuna. Za ka bukace ta."

Fili ya cika. Hatsi ya kai gwiwa a gonakin da ke kewaye, sama ta yi luf. Manya a kan kujeru ƙarƙashin rumfa, talakawa a tabarmi, Fulani can gefe a rana. Yara suka rera waƙar da ba su san ma'anarta ba. Aka kira Nana, ɗiya mace ta farko da ta kawo brebe ƙasar nan. Aka yi tafi. Dikko ya ja malafa ya dubi ƙasa, kamar an ambaci laifinsa.

Sai aka kira Iro.

Ya karɓi rawanin da hannu biyu. Hanyar da za ta kai shi rumfa ta gaban Dikko take bi. Ya ji idon Nana a ƙeyarsa kamar garwashi. Ya zo daidai tsohon...

Ya wuce.

Sai a lokacin ya lura kawunsa ba ya kan tabarma. An ba shi kujera, dab da ta Alhaji. Iro ya durƙusa, ya miƙa.

Kawu Sanda ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A'a, ɗana! Ina ni ina wannan, ga babba zaune? Alhaji, ɗanka ne. Kai za ka ɗora!"

Da hannu ɗaya ya zare rawanin ya danƙa wa Alhaji. Ɗaya hannun ya danne kafaɗar Iro.

Kafin ganyen ya taɓa gashinsa guɗa ta tashi daga inda iyayen Maimuna suke. Maroƙi ya daka tsalle ya shigo fili.

"Surukin Alhaji! Angon Maimuna! Alƙalami ya auri awo, gyaɗa ta samu malami!"

Maroƙi ba ya haɗa kirari da sauri haka sai in da shi ya kwana.

Iro yana iya tashi. Wannan ne ya ci shi daga baya, shekara da shekaru. Hannun kawu ba dutse ba ne. Amma a gida an koya masa kada ya kunyata babba, a lakol an koya masa kada ya motsa sai an ce. Tarbiyya biyu suka taru a kansa, ya zauna a durƙushe kamar ragon layya har aka gama.

Daga bencin 'yan mata, Nana ba ta ga hannun kawu ba. Ta ga ya wuce ubanta, ta ga ya durƙusa, ta ji guɗa. Abin da ya biyo baya a bayan aji, an riga an ji.

Da maraice ya tarar da kawunsa yana cin tuwo hankali kwance.

"Kawu, ka ci amanata."

"Amana? Inuwa na sa ka, ɗan banza! Alhaji ya ce ko Dakar kake so, bakinsa ya isa a ba ka burs, gwamnati ta biya maka karatu. Ni kuma awon gyaɗar Gangara duka a hannuna bana. Kai kana nan kana bin ɗiyar daji! In ta yi yaji, ina za mu je biko? Sawun shanu za mu bi?"

"Ba na son Maimuna."

"Wa ya tambaye ka? Ni ma ba na son tuwon nan, ga shi ina ci."

Washegari ya nufi ruga. Ya tarar da toka, da kashin shanu, da turaku a tsaye ba komai a jikinsu. Sun tashi. Ya bi sawu arewa, yana tambayar makiyaya, har ya cim musu a wani daji bayan Agiye. Nana ba ta nan, an ce tana wajen goggonta. Dikko na zaune yana tufka igiya.

Iro ya zube a gabansa.

"Baba, ka sake ni daga rantsuwar nan. Magana ɗaya zan faɗa mata."

Tsohon ya ci gaba da tufka.

"Na ce kada ka durƙusa gabana. Ban ce ka durƙusa gaban wani ba."

"Kawuna ne ya..."

"Kaɗo ba ya rasa kawu."

"Wallahi ban sani ba! Wallahi..."

"Ka riga ka yi mini rantsuwa ɗaya, yaro. Ta ishe ni." Ya ɗaure bakin igiyar, ya ja da haƙori. "Abin da na ba ka, na karɓe. Abin da ka ba ni yana nan hannuna."

Kafin Iro ya dawo Gazawa, kawunsa ya kai goro gidan Alhaji da sunansa, an raba har unguwar mahauta. Labari kuwa ya fi shi ƙafa. Ya riga shi isa kunnen Nana.

Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, gari na ta kiɗa, kowa na taya kowa murnar ya zama ɗa ba bawa ba, Iro ya shiga zauren Alhaji, cike da baƙi, ya tsaya a tsaye.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Ban nemi ɗiyarka ba, ba kuma zan aure ta ba."

Ƙarfin halin da ya rasa a fili ya zo masa, a makare, kamar ruwan da ya sauka bayan hatsi ya ƙone.

Maimuna ta tare shi a soro, kwalli ya zubo mata har kumatu.

"Mi ta fi ni da shi? Mi? Ni na so ka tun kana tafiya ba takalmi!"

"Shi ya sa kika sayi maroƙi?"

"Da ban saye shi ba, yaushe za ka dube ni?" Ta share ido da gefen mayafi. "Je ka! Je ka same ta. A cikin lalle take."

Gaskiya ta faɗa. Nana ta ce wa innarta ta yarda da Jaye, ɗan baffanta, wanda ya daɗe yana nema tana ƙi. Ba wanda ya tilasta mata. Da bakinta ta nema. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Burs ta tafi, kawu ya ce ba shi ba shi. Aka tura Iro koyarwa Agiye. Ya karanta duk littafin da ya shigo garin, bai samu wanda ya yi maganar mutumin da ya riƙe alkawari ɗaya ya karya wani ba tare da an ce masa wawa ba. Ya yi aure kamar yadda ake yin aski, don kada a yi magana. Da aka ba shi darakta, abin da ya fara hanawa shi ne rawanin ganye. Malamai suka ce kishin ƙasa ne, suka yaba masa.

Furfura ta fara masa a gemu lokacin da wani makiyayi ya faɗa masa a kasuwa cewa Dikko ya rasu.

Ya yi salati. Ya yi wa mamacin addu'a. Sannan, Allah ya gafarta masa, ya ji kamar an ɗauke masa buhu daga ƙirji.

Ya hau kamyo zuwa Gidan Rumji, inda Nana ke riƙe da ajin 'yan mata. Ƙarshen shekara ne. Ya same ta ita kaɗai a aji, tana ɗaure littattafan kyauta da jan zare. Ta ƙara jiki kaɗan. Idanun suna nan yadda ya bar su.

"Salamu alaikum."

Hannunta ya tsaya a kan zaren. Ba ta ɗago ba.

"Wa alaikumus salam, Mushe."

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba."

"Amin. An gode."

"Nana, akwai maganar da na riƙe tun..."

"Na san akwai."

"Kin sani?"

"Da yana ciwon ajali," in ji ta, tana jan zaren a hankali, "ya tambaye ni ko Kaɗon nan ya auri ɗiyar Alhajin. Shi da bai taɓa yi mini zancen namiji ba. Na ce a'a. Ya juya fuska ga zana, ya ce, ashe. Bai ƙara ba. Tun ranar nan ba na barci."

"To bari in faɗa miki! Yanzu na samu iko. Jajibirin biki..."

"A'a!"

Ta ɗaga hannu.

"Nanata..."

"Na hana ka sunan nan tun tuni." Muryarta ta sauka. "In ƙarya ce ka kawo, ba na bukata. In kuwa gaskiya ce... Iro, ina da miji, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ina da 'ya'ya. A kan ƙin ka na gina gidan nan, tubali bisa tubali. In ka zare shi, a kan mi zan tsaya?"

"Ki ji kawai. Ba abin da zan nema."

"Kai ba ka neman komai, na sani. Kai durƙusawa kake yi, a ɗora maka."

Ya haɗiye wannan ma. Haƙƙinta ne.

Sai ga hawayen da ya jira a bayan aji sun zo, ba amfanin da za su yi wa kowa. Ta bar su suna ɗiga a kan bangon littafi.

"Ka ci amanata, Kaɗo. Bar mini wannan. Shi kaɗai ne abin da ka ba ni da ya zauna."

Aka buga ƙarfe a waje. Muryoyin 'yan mata suka taso, suna nufo ajin. Ta share fuska da bayan hannu, ta gyara ɗankwali, ta ƙulle zaren.

"Sauka lafiya, Mushe. A gaida iyali."

Ya fita. A tsakar lakol akwai bedi jere, an shuka su don inuwa. Ya bi ta rana.

Bai ƙara ganinta ba. Tsohon ya sake shi, ita ta ɗaure shi, kuma nata ɗaurin ba shi da ranar kwancewa. Maganar tana nan inda ya bar ta, a kan harshe, ba ta fi numfashi ɗaya ba:

Ranar da na wuce ubanki, ya riga ya ba ni ke.